Gangaren da Ba Ya Hawuwa: Nazarin Wata Cibiyar Lafiya a Tawa

A wata unguwa ta birnin Tawa akwai ƙaramar cibiyar lafiya, irin wadda ake kira CSI, da aka yi wa kwaskwarima, aka ƙara mata gangaren siminti a gefen matakala domin masu keken guragu. A takardar ɗan kwangila an rubuta cewa naƙasassu za su iya shiga, an sa hannu, an biya. Duk da haka, mai cikin da ciwon shan inna ya shanye wa ƙafafu, in ta zo awo, a bakin ƙofa take barin kekenta, ta zura hannuwanta cikin silifa, ta ja jiki a cikin rairayi har baranda. Ba za a ambaci sunan cibiyar ba, domin ire-irenta suna da yawa, kuma abin da ake nema shi ne gyara.

Dalilin ɗaukar wannan mata a matsayin ma'auni shi ne tana bin kowane lungu na cibiyar: ƙofa, tagar karɓar karne (katin awo), layin jira, sikeli, gadon awo, makewayi, tagar magani. Kuma zuwanta ba sau ɗaya ba ne. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. A wajen awon ne ake ba ta ƙwayar ƙarin jini, a kuma sa ta sha ƙwaya uku na rigakafin zazzaɓin cizon sauro a gaban ungozoma, wata-wata, daga wata na huɗu. Awon ciki kyauta ne a Nijar tun 2006. To amma wadda ta sha wahalar jan jiki a zuwan farko, da wuya ta dawo na biyu, sai in naƙuda ta zo da gardama. Yaran da shan inna ya taɓa shekaru ashirin ko talatin da suka wuce su ne iyaye a yau, don haka zancen ba na mutum ɗaya ko biyu ba ne.

Daga kwalta zuwa baranda

Matsalar tana farawa tun kafin a ga gangaren. Birnin ya samu sababbin tituna lokacin bukin Tawa Sakola na 2017, amma tsakanin kwalta da ƙofar cibiyar akwai magudanar ruwa, kuma ɗaya daga cikin marufan simintinta ya karye, an ɗora katako a gurbinsa. Mai ƙafa yana tsallakewa bai ma lura ba. Keke mai ƙafa uku yana buƙatar layi uku na tsayayyar ƙasa, makaho kuwa sandarsa tana iya wuce ramin ƙafarsa ta faɗa.

Sai ƙofar kanta. Babban ƙyauren ƙarfe a rufe yake sai motar ɗaukar marasa lafiya ta zo, jama'a kuma ta ƴar ƙaramar ƙofar da ke jikinsa suke bi. Faɗinta santimita 70, a ƙasanta akwai ƙarfen da ya tashi santimita 12. Keken guragu da masu walda ke ƙerawa yakan kai santimita 75 zuwa 80 a faɗi. Nan take tafiya ta ƙare. Wannan gyaran ba ya cin ko dala: majo, wato shugaban cibiyar, ya umarci mai gadi ya buɗe ɓari ɗaya na babban ƙyauren tun safe har tashi aiki. In ana tsoron awaki, mai walda ya faɗaɗa ƙaramar ƙofar zuwa mita 1, ya yanke ƙarfen ƙasa, ya ƙarfafa ta daga sama.

Daga ƙofa zuwa baranda mita 25 ne na rairayi mai laushi. Siririyar tayar keke tana nutsewa a ciki, ƙarfin hannu kuma ba ya fitar da ita.

Gangaren

Daɓen ginin ya tashi santimita 45 daga ƙasa, matakala uku masu santimita 15 kowace. An ɗaga shi ne saboda ruwan damina, kuma hakan daidai ne. Gangaren da aka yi tsawonsa mita 1 da rabi kawai, wato a kowace mita yana tashi santimita 30. Magini ya daidaita ƙarshensa kusa da ƙarshen matakala don ya yi kyan gani, ya shafe shi da madarar siminti har yana sheƙi.

Ga abin da wannan ke nufi a hannun mai tuƙi. Idan mace da kekenta sun kai kilo 90, a irin wannan tudu ƙarfin da ke jan ta baya ya kai na kilo 26. Idan tashin santimita 5 ne a kowace mita, abin da za ta yi fama da shi kilo 4 da rabi ne. Bayan haka, keken da sarƙarsa ke jan tayar gaba, da zarar ya ɗaga kai nauyi ya koma baya, tayar sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Kujera mai taya kuwa tana iya kifewa ta baya. Saukowa ta fi hawa haɗari, domin birkin waɗannan kekuna sau da yawa ƙarfe ne da ke dannar taya, ba ya riƙe su a kan santsi, balle in iska ta watsa rairayi a kai.

Iyakar da aka yarda da ita a yawancin ƙa'idojin gini ita ce mita 12 na tsawo ga kowace mita 1 ta tashi. A nan ke nan mita 5 da santimita 40. Abin da ya fi sauƙi ga mai tuƙa kansa shi ne 20 ga 1, wato mita 9. Fili bai hana ba, tsakar gidan tana da yalwa.

Akwai dabarar da ke kashe matsala biyu a aiki ɗaya. A yi hanya mai faɗin mita 1 da rabi daga ƙofa, a cike ta da burji ana yayyafa ruwa ana daɓewa, a ɗaga ta a hankali har ta tashi santimita 15 a cikin mita 12 na farko. Mai tafiya ba zai ji wannan tashin ba. An rabu da rairayi ke nan, kuma abin da ya rage a hau santimita 30 ne, wanda gangare mai mita 6 zai ɗauka cikin sauƙi. A kafa bulo a gefen hanyar don kada burjin ya baje, a kuma binne bututu ɗaya ko biyu a ƙarƙashinta, in ba haka ba hanyar za ta tare ruwan sama ta mai da rabin tsakar gidan tafki a watan Agusta.

A ƙasan gangaren da samansa dole a bar shimfiɗaɗɗen wuri na tsayawa. Littattafan gini sukan ce mita 1 da rabi ta kowane gefe, amma wannan ma'aunin kujera mai taya ne. Abin da aka fi gani a titunan Tawa keke ne mai tsawon kusan mita 2, don haka a ba shi mita 2 cif. Rashin wannan wuri a sama shi ne ke sa mutum ya iso bakin ƙofa yana riƙe da keke da hannu ɗaya don kada ya koma baya, yana neman buɗe ƙyaure da ɗayan.

Lissafin kayan ba shi da wuya. Gangare mita 6 da wuraren tsayawa biyu, mita 10 ke nan, faɗi mita 1 da rabi, kaurin kankare santimita 10. Da haɗin da magina suka saba, buhu ɗaya na siminti mai kilo 50 da baro ɗaya na rairayi da baro biyu na tsakuwa, za a ci kamar buhu 11, rairayi baro 11, tsakuwa baro 22. Ba a lissafa bulon gefe da simintin ɗaura shi ba. Cikon da ke ƙarƙashi a zuba shi hawa-hawa, santimita 10 zuwa 15, kowane hawa a jiƙa a daɓe. Wanda aka zuba lokaci guda yakan zauna bayan damina ta farko, kankaren ya tsage a tsakiya. A sa siririn rodi a ciki, a tsaga layi a kowace mita 2 don tsagewar zafi ta bi nan. Kafin kankare ya bushe a ja tsintsiya a kansa daga gefe zuwa gefe ya yi kaushi. Tayil ba shi da wuri a nan. A zuba da sassafe ko da marece, a rufe da jiƙaƙƙun buhuna, a shayar da shi safe da yamma har kwana 7, domin a zafin Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, kankaren da aka bari a rana yana ƙonewa ya riƙa marmashewa.

Ba sai da na'ura ake gane tashin gangare ba. A samu miƙaƙƙen katako mai mita 1, a kafa masa ɗan guntu mai santimita 5 a ƙarshe ɗaya, a ɗora shi a kan gangaren guntun yana ta ƙasa, a aza ma'aunin ruwa na magini a kai. In kumfar ta tsaya a tsakiya, aiki ya yi daidai. Kowane ɗan kwamitin cibiya zai iya wannan.

A gefe biyu a tayar da ɗan baki mai santimita 10 don tare taya da kuma ba sandar makaho abin bi. Madafa a yi ta hawa biyu, santimita 90 ga mai tafiya da sanda ko tsoho, santimita 70 ga na zaune da yara, bututu mai kaurin santimita 4, ta zarce ƙarshen gangaren da santimita 30. A nan akwai abin da ake yawan mantawa. Baƙin ƙarfe a ranar Adar ba ya taɓuwa da azahar, kuma wanda kuturta ta kashe wa jin hannu zai riƙe shi ya ƙone bai sani ba. A shafa farin fenti, in da hali a yi rumfa a kai.

Cikin ɗakuna

Keke ba ya shiga ɗakin awo, ko an faɗaɗa ƙofa, saboda ba shi da wurin juyawa. Abin da ake buƙata shi ne inuwa a baranda inda za a ajiye shi, da kujera mai taya ɗaya mallakar cibiyar, tayoyinta da iska, ba a kulle a sito ba. Ƙofar ɗakin ɓari biyu ce, kowane santimita 60, ɗaya kuma an sa masa sakata tun ranar da aka buɗe ginin har ta yi tsatsa. Man inji kaɗan ya isa. Dokin ƙofa kada ya wuce santimita 2.

Tagar karne da ta magani sun kai mita 1 da santimita 20. Na zaune ba ya ganin fuskar ma'aikaci, ma'aikaci ma hannu kawai yake gani. Ko a sauke ɓangare ɗaya zuwa santimita 80, ko a ajiye tebur a baranda, ma'aikacin ya fito.

Sikelin awo na tsaye ne, saboda haka shafin nauyi a karnen wannan mata fanko yake zama. Mafita ita ce a ɗora faffaɗan katako da ƴar kujera a kan sikeli, a auna su, ta zauna, a cire nauyinsu. Gadon awo kuma ya kai santimita 85, alhali mazaunin kujera mai taya bai wuce 50 ba. Abin da ake yi yanzu shi ne a kira mutum biyu su cicciɓe ta, wani lokaci maza, tana ji tana gani zanenta yana kwancewa. Mata da yawa wannan ne ke hana su dawowa fiye da rairayin tsakar gida. Mai walda zai rage ƙafafun gado ɗaya zuwa santimita 50 cikin sa'a guda, ungozoma kuma ta zauna a kujera ta yi aikinta. Ya kamata ungozoma ta riƙe cewa shan inna ba ya hana mahaifa yin naƙuda. Abin dubawa shi ne yanayin ƙugu, kuma in akwai shakka a tura ta cibiyar uwa da yaro ta Tawa tun da sauran lokaci, a tsara inda za ta haihu.

Makewayi

Mai ciki za ta wuni a layi, kuma ana iya neman fitsarinta don gwaji. Makewayin cibiyar yana can ƙarshen gida, matakala biyu, ƙofa santimita 65 mai buɗewa ciki, rami na tsuguno, daɓen kullum a jiƙe. Wadda ke tafiya da hannuwa, a kan wannan daɓen za ta dafa. Shi ya sa wasu ke ƙin shan ruwa tun daren jajibirin awo, a garin da zafi ke kayar da mai lafiya.

Ɗaki ɗaya ya wadatar: mita 2 ta kowane gefe, ƙofa santimita 90 mai buɗewa waje, saboda in mutum ya faɗi a ciki a iya kai masa ɗauki. A gina mazauni na siminti a kan ramin, tsayinsa santimita 45, a shafe shi ya yi sumul don ya wanku, a bar fili na santimita 90 a gefe ɗaya inda kujera za ta tsaya. A kafa madafa a bango a santimita 75, a dasa ta cikin siminti, kada a dogara da kusa. Daɓen ya karkata kaɗan zuwa mafitar ruwa. Buta da sabulu su kasance inda hannun na zaune ke kaiwa. Abin da ya fi kashe irin wannan makewayi shi ne kyansa: da an ga ya fi sauran tsabta sai a sa masa kwaɗo ya zama na ma'aikata, ko a tara bokitai da tsintsiya a ciki.

Waɗanda siminti ba ya yi wa magani

Kurma yana hawa matakala lafiya lau, amma a layi da baki ake kiran suna. Za a kira shi sau uku a wuce, ya zauna har azahar yana ganin na bayansa suna shiga. Katin lamba mai manyan baƙaƙe yana magance wannan, tare da ɗan alama a karne da zai sa mai kira ya je ya ɗaga masa hannu. A cikin ɗaki ma'aikaci ya fuskance shi, haske yana kan fuskarsa, ya sauke takunkumi in babu haɗari. Rubuta masa Faransanci ba ya amfani in bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Maganar hannu ma ba iri ɗaya ba ce. Wadda ake koyarwa a makarantu irin ta Hassane Bana Ba a Yamai tushenta daga ta Amurka yake, kurman da ya tashi a ƙauye kuwa da alamomin gidansu yake magana. Saboda haka ɗan'uwa ne kan yi tafinta, kuma a nan sirri ke zubewa: sakamakon gwajin ƙanjamau ko zancen tazarar haihuwa ya bi ta bakin uwar miji. A tambayi matar, ita kaɗai, wa ta yarda ya shiga da ita. Kurame ƴan lakkwal da ke cikin ƙungiyoyinsu sukan fahimci alamomin gida fiye da mai ji, kuma cibiya za ta iya ajiye lambar wayar ɗaya ko biyu daga cikin matansu.

Ga makaho, kuskuren da aka fi yi shi ne a juya ga ɗan jagora a ce, "Me ke damunsa?" alhali ga mutumin a zaune. Daidai shi ne a ce, "Baba, ni ne majo, zan kama hannunka na dama in auna hawan jini," kafin a taɓa shi. Magunguna kuma a cikin ƴan ledoji ake ba da su, duk ɗaya suke a hannu. A ɗaure na safe da ƙulli ɗaya, na safe da dare da ƙulli biyu, na sau uku da ƙulli uku, a sa shi ya shafa ya maimaita. Ga kurma da wanda bai iya karatu ba a zana fitowar rana da tsakarta da faɗuwarta a jikin ledar. Zabiya na buƙatar inuwa a wurin jira da manyan baƙaƙe a allunan nuni. Bakin kowace matakala a shafa masa fenti rawaya mai faɗin yatsu uku.

Inda aikin ya kuskure, da yadda za a bi shi

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Tun 1993 Nijar ke da dokar kare naƙasassu mai lamba 93-012. A 2008 ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu, wadda sashenta na 9 ya yi magana kan shiga gine-gine da samun bayani, na 25 kuma kan lafiya. A 10 ga Disamba 2019 aka kafa wata doka kan naƙasassu mai lamba 2019-62. Abin da ya faru a wannan cibiya shi ne takardar kwangila ta ce a yi gangare ba ta faɗi tsawo ko tashi ba, magini ya yi da ido, waɗanda suka karɓi aikin kuma da ƙafa suka hau shi. Babu mai keke ko ɗaya a wurin. Akwai kuma hujjar da ake yawan kawowa, cewa ai ba sa zuwa da yawa. Ƙidayar 2012 ta samu kashi 4.2 cikin 100 na ƴan ƙasa da naƙasa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2022 ta ƙiyasta kashi 16 a duniya. Rajistar cibiya tana ƙirga wanda ya iya shigowa ne kawai.

Rahoton duniya kan naƙasa na 2011 ya nuna cewa in an sa waɗannan abubuwa tun a zanen sabon gini, ƙarin kuɗin bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 ba. A nan sai an fasa an sake, kuma asusun COGES, wato kwamitin gudanar da cibiya, ba zai ɗauki komai lokaci guda ba. Don haka a fara da marasa kuɗi a makon farko: ƙyaure, sakata, katin lamba, tebur a baranda, ƙullin leda, yadda ake yi wa mutane magana. Sai na mai walda, wato gado da ƙaramar ƙofa. Hanya da gangare da makewayi da murfin magudana a kai su ma'aikatar magajin gari da hukumar lafiya ta gunduma a takarda ɗaya mai ɗauke da ma'aunai, domin in aka raba su za a yi gangaren a bar makewayi, mu koma gidan jiya. A yi ginin bayan damina, kafin zafin bazara.

Ranar karɓar aiki, kafin kowa ya sa hannu, a gayyato mutum uku ta hannun reshen jaha na FNPH, haɗaɗɗiyar ƙungiyar naƙasassu ta Nijar: mai keke, makaho, kurma, aƙalla ɗaya mace. Su taso daga kwalta su bi hanyar mai awo har tagar magani, ba tare da an taɓa su ba. Duk inda suka tsaya a rubuta shi cikin takardar karɓa, a riƙe kuɗin ɗan kwangila sai ya gyara. Bayan nan a rubuta sunan wanda zai share rairayin gangaren kowace safiya, musamman da hunturu, da wanda zai hana ƴan kabu-kabu jingine babura a kansa, tun da nan ne wuri mafi daɗin ajiya a duk gidan.

Abu ɗaya ya rage wanda gyaran gini bai taɓa ba, shi ne naƙudar dare. Mai naƙuda ba ta iya tuƙa keke da hannu, kabu-kabu kuma ba ya ɗaukar wadda ba ta iya riƙe kanta da ƙafafu. A awon wata na bakwai ungozoma ta zauna da ita da mijinta, a rubuta a karne wace mota ce za ta zo, lambar wa za a kira, wace mace ce za ta raka ta, a kuma sanar da ma'aikacin da ke gadin dare.